Darasi na Goma Sha Huɗu: Awon Hasken Fuluto da Watanta

Maƙasudin darasi

Idan ɗalibi ya kammala wannan darasi, ana fatan zai iya:

1. faɗin abin da ake nufi da ƙaramar duniya, da dalilin da ya sa haskenta ke ƙaruwa yana raguwa;
2. bayyana yadda ake auna hasken abu mai nisa ba tare da hazo ya ruɗi mai awo ba;
3. yin hisabin tsawon yinin wata duniya da faɗin watanta daga canjin haske kaɗai;
4. gwada irin wannan awo da idonsa a kan tauraro guda, daga nan Tudun Wada.

Fasali na ɗaya: Ɗigo guda a sararin sama

Ya ku 'yan'uwa masu neman ilmi, kowanenmu ya san Zara, ya san Kaza da 'Ya'yanta, domin tun muna yara iyayenmu suka nuna mana su. Amma a cikin halittun Ubangiji akwai waɗansu da ke kewaya rana kamar yadda duniyarmu ke kewaya ta, waɗanda saboda tsananin nisansu ido ba ya riskarsu, ko da sama ta yi garau, ko da an ɗauke wutar lantarki a unguwa duka. Ɗaya daga cikinsu ita ce Fuluto, wadda wani saurayi mai suna Clyde Tombaugh ya gano ranar 18 ga Fabrairu, 1930, a gidan duban taurari na Lowell da ke Arizona ta Amurka, watau shekara tara kafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a nan Zariya.

Tsakanin duniyarmu da rana akwai kimanin kilomita miliyan 150, tafiyar da haske ke yi cikin minti takwas da 'yan kai. Fuluto kuwa, galibi, nisanta daga rana ya kai wannan sau 40, har hasken rana yakan yi sa'a biyar da rabi a hanya kafin ya sauka kanta. Saboda faɗin falakinta, sai ta shekara 248 take gama kewaye guda. Tun daga hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zuwa Gudu a 1804 har yau ba ta koma inda take a wancan lokaci ba, sai a 2052.

> Ƙaramar duniya: halitta ce mai kewaya rana, wadda nauyinta ya isa ya dunƙule ta ta zama mulmulalliya, amma bai isa ya share mata hanyarta daga sauran duwatsu da ƙanƙara ba, kuma ita ba watan wata duniya ba ce. Ƙungiyar masana falaki ta duniya ta tsai da wannan ma'ana a birnin Prague ranar 24 ga Agusta, 2006, ta sa Fuluto a wannan aji.

Mas'alar da ta tsaya wa masana shekara da shekaru ita ce, ko da manyan madubban hangen nesa na wancan zamani, Fuluto ba ta wuce ɗigon haske ba, babu gefe, babu fuska, babu alama. Abu biyu kaɗai mai duba zai iya rubutawa game da ɗigo: inda yake, da ƙarfin haskensa. A kan na biyun darasinmu ya ginu.

Fasali na biyu: Yadda ake awo

Fuluto ba ta da hasken kanta, na rana take karɓa ta mayar, kamar yadda watanmu ke yi. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya rubuta maƙala a kan hasken wata da yadda yake samo shi daga rana. Shi kuwa awon hasken taurari tsohon fanni ne. Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa na siffofin taurari na shekarar 964, ya bi taurari ɗaya bayan ɗaya yana sa kowanne a darajarsa ta haske cikin darajoji shida da aka gada daga magabacinsa Batalimusa, yana gyara abin da idonsa ya ga ya saɓa. Bambancin yau shi ne ana ɗaura wa madubin hangen nesa na'ura mai ƙidaya hasken da ya shigo, ta ba da adadi.

Sai dai na'ura ba ta san hazo ba. Duk mazaunin Zariya ya san yadda a watan Janairu dutsen Kufena kan ɓace wa ido da rana tsaka, alhali yana nan daram inda yake. Haka ma hasken duniya mai nisa yana iya raguwa a na'ura, laifin kuwa na iskarmu ne. Maganin da masana suka samu mai sauƙi ne, kuma a ganina shi ne ginshiƙin fannin duka: a kowane dare ana auna duniyar tare da wani tauraro na kusa da ita a sama wanda aka tabbatar haskensa ba ya canzawa, sa'an nan a raba adadin wannan da na wancan, tun da ƙurar da ta rage ɗaya ita ce ta rage ɗayan.

> Tauraron mizani: tauraro mai tsayayyen haske da ake gwada hasken wani abu da shi.

*Misali na ɗaya.* A ƙaddara a daren Litinin na'ura ta ba duniya 500, ta ba tauraron mizani 1,000. Idan aka raba, an sami 0.50. A daren Talata hazo ya sauka, duniya ta ba da 400, tauraro 800. Rabawa ta sake ba da 0.50, ashe babu abin da ya canza sai sama. A daren Laraba duniya 440, tauraro 800, watau 0.55. Ko da yake 440 bai kai 500 na Litinin ba, haƙiƙa a daren Laraba duniyar ta fi haske da kashi 10 cikin ɗari.

Fasali na uku: Tsawon yini daga canjin haske

Ku sami duma mulmulalle, ku shafa wa gefe guda farar ƙasa, ɗaya gefen baƙin tukunya, ku rataye shi da igiya a zaure da dare, ku murɗa igiyar ya riƙa juyawa. Mutum ɗaya ya riƙe fitila ya ja da baya har inda ba ya iya rarrabe farin da baƙin. Abin da zai gani shi ne wani abu da ke haskakawa yana dusashewa, yana haskakawa yana dusashewa. In ya ƙidaya lokacin da ke tsakanin haskakawa biyu, to, ya san tsawon juyi guda, ko da bai ga fuskar duman ba.

> Zanen haske: layin da ake samu idan aka jera awon haske a takarda, lokaci a kwance, ƙarfin haske a tsaye. Inda layin ya maimaita kansa, nan juyi guda ya cika.

Wannan shi ne abin da Merle Walker da Robert Hardie suka yi wa Fuluto, suka buga sakamakonsu a 1955. Sun ga haskenta yana hawa da sauka da kimanin kashi 10 cikin ɗari, yana kuma maimaituwa kowane kwana 6 da sa'a 9 da minti 17, watau kimanin kwana 6.39. Suka yi istinbaɗi cewa wannan ne tsawon yininta, kuma fuskarta dabbare-dabbare ce, wani wuri fari wani wuri duhu. Da shekaru suka ja, hawa da saukar ya ƙaru har ya kusa kashi 30 cikin ɗari a wajen 1980 da 'yan kai, abin da ya nuna cewa a kishingiɗe take juyawa, a shekarun nan kuma ana ƙara ganin tsakiyarta a hankali yayin da take tafiya a falakinta.

*Misali na biyu.* A ce Fuluto ta kai ƙarshen haskenta ranar Litinin da ƙarfe 8:00 na dare, bayan lisha. Ƙara kwana 6, mun zo Lahadi ƙarfe 8:00 na dare. Ƙara sa'a 9 da minti 17, mun zo Litinin ƙarfe 5:17 na asuba. In muka sake ƙarawa, za mu faɗa Lahadi ƙarfe 2:34 na rana, bayan azahar, sa'ad da babu tauraron da ake gani. Don haka mai awo ɗaya a wuri ɗaya ba ya samun zanen a jere; tilas ya tara darare masu yawa, ko ya haɗa awonsa da na waɗanda ke wata nahiya, sa'an nan a ɗora gutsattsarin bisa juna har layin ya cika.

Fasali na huɗu: Karon da shekarun husufi

Ranar 22 ga Yuni, 1978, James Christy, ma'aikacin gidan duban taurari na sojan ruwan Amurka, yana duba hotunan Fuluto sai ya lura da wani ɗan ƙullutu a gefen ɗigon, wanda waɗansu suka ɗauka aibin hoto ne. Da ya koma ga tsofaffin hotuna, sai ya tarar ƙullutun yana zagaya ɗigon, wani lokaci a arewa wani lokaci a kudu, kuma zagayen yana cika a kwana 6.39, adadin nan da Walker da Hardie suka samu shekara 23 kafin nan. Wannan dacewa ita ce hujjar da ta nuna wata ne, aka sa masa suna Karon. Daga tsawon kewayensa da nisansa aka yi hisabin nauyin Fuluto, sai ga shi kimanin kashi ɗaya ne cikin 500 na nauyin duniyarmu, ƙasa ƙwarai da yadda aka daɗe ana zato.

> Fuskantar dindindin: halin da wata ke juya kansa sau ɗaya a daidai lokacin da yake gama kewaye ɗaya, har fuska guda kullum yake nuna wa duniyarsa. Sanadinsa jan da suke yi wa juna ne, wanda ke zame wa juyin birki cikin miliyoyin shekaru.

Watanmu haka yake, shi ya sa tun kakanninmu tabo iri ɗaya ake gani a fuskarsa. Fuluto da Karon kuwa dukansu biyu sun kafe wa juna fuska, har wanda zai tsaya a ɗaya gefen Fuluto ba zai taɓa ganin Karon ba.

A nan ne wani babban rabo ya faɗo wa masana. Da yawa cikinku sun tuna hantsin 29 ga Maris, 2006, sa'ad da wata ya shiga tsakaninmu da rana, gari ya yi duhu a wuraren Gusau da Katsina, a nan Zariya ma rana ta dusashe, aka nufi masallatai domin sallar husufi. Irin wannan shiga tsakani yana faruwa ga Fuluto da Karon, amma daga duniyarmu ba a iya ganinsa sai falakin Karon ya daidaita da idonmu, wannan kuwa sau biyu ne kawai a kewayen shekara 248, watau sau ɗaya a kowace shekara 124, kuma yakan ɗauki shekara biyar zuwa shida. Hisabi ya nuna lokacin yana gab da zuwa. Da a ce gano Karon ya yi jinkirin shekara goma sha biyar, da sai jikokin jikokinmu za su ga na gaba.

A farkon 1985 aka fara kama shi. Richard Binzel ya auna raguwar hasken a gidan duban taurari na McDonald da ke Teksas ranar 17 ga Fabrairu, waɗansu kuma suka gani daga Kalifoniya da Hawai. Daga nan har 1990, kowane kwana uku da 'yan sa'o'i, ko dai Karon ya gitta ta gaban Fuluto ya rufe wani sashe nata, ko ya ɓuya a bayanta. Ku riƙe a zuciya cewa duk wannan ba wanda ya gan shi a hoto. Ɗigon nan ɗaya ne dai, haskensa ya ragu na 'yan sa'o'i ya dawo.

> Husufin juna: gittawar wata ta gaban duniyarsa ko ta bayanta, yadda jimlar haskensu ke raguwa ga mai kallo daga nesa.

*Misali na uku.* Mutum yana tsaye a bakin layin dogo, jirgin ƙasa ya zo yana tafiyar mita 10 a kowane sakan. Daga lokacin da kan jirgi ya kai wani turke zuwa lokacin da taragon ƙarshe ya wuce shi, sakan 30 ne. Tsawon jirgin shi ne 10 sau 30, mita 300, ba tare da an ɗauko igiyar awo ba.

Yanzu ga Karon. Nisansa daga Fuluto kimanin kilomita 19,600 ne. Tsawon hanyar kewayensa shi ne 19,600 sau 2 sau 22 bisa 7, watau 123,200. Yana gama ta cikin sa'a 153, saboda haka saurinsa ya kai kimanin kilomita 800 a sa'a. In ya gitta ta tsakiyar Fuluto, daga sa'ad da gefensa ya taɓa gefenta zuwa sa'ad da ya shige gaba ɗaya, kimanin sa'a ɗaya da rabi ne. 800 sau 1.5 ya ba da kilomita 1,200, faɗin Karon ke nan. Daga farkon taɓawa zuwa ƙarshen rabuwa kuwa kimanin sa'a huɗu da rabi ne, watau kilomita 3,600, wanda shi ne faɗinsu su biyu a haɗe. A cire 1,200, saura 2,400, faɗin Fuluto. Mun daidaita adadin domin sauƙin hisabi, kuma masu aikin sun sha wahalar da ba mu sha ba, domin inuwar Karon ma tana faɗawa kan Fuluto ta rage haske, nisan nan na 19,600 kuma daga hotuna masu dishi-dishi aka fara ƙiyasta shi. Amma ƙa'idar ita ce wannan. Sun sami kusan 2,300 ga Fuluto da kusan 1,200 ga Karon, alhali a 1950 Gerard Kuiper ya ƙiyasta mata kilomita 5,900.

Fa'idar ba ta tsaya nan ba. Ku koma ga dumanku, ku gitta lemo ta gabansa: in ya rufe farin wuri haske zai ragu da yawa, in ya rufe baƙin wuri zai ragu kaɗan. Tun da kowace shekara Karon yana bi ta wani sashe dabam na fuskar Fuluto, Marc Buie da abokan aikinsa suka tattara awon suka zana taswirar wurare masu haske da masu duhu. Haka kuma a 1987, sa'ad da Karon ya ɓuya sarai a bayanta, aka auna launukan hasken Fuluto ita kaɗai, aka debe daga na su biyun, abin da ya saura na Karon ne, ya kuwa nuna ƙanƙarar ruwa ce ta lulluɓe shi.

Kumbon New Horizons, wanda aka harba a Janairu 2006, ya wuce ta kusa da su ranar 14 ga Yuli, 2015. Ya auna faɗin Fuluto kilomita 2,377, na Karon 1,212, ya kuma ɗauko hoton wani farin fili na ƙanƙara mai siffar zuciya, da wani dogon baƙin yanki a gefensa, su ne farar ƙasa da baƙin tukunyar da suka sa haske ke hawa da sauka tun 1955.

Fasali na biyar: Eris, wadda ba a je ba tukuna

Can bayan Fuluto akwai wata ƙaramar duniya mai suna Eris, wadda Michael Brown da Chad Trujillo da David Rabinowitz suka gano a Janairu 2005. Nisanta daga rana a yanzu ya kai namu sau 96, faɗinta kilomita 2,326. A Satumba na shekarar aka ga watanta, Disnomiya, mai kewaya ta cikin kwana 15.8. Fuskar Eris fara ce fat kusan ko'ina, saboda haka canjin haskenta bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, har aka daɗe ana zaton yininta kimanin sa'a 26 ne. Sai a 2023 ƙungiyoyi biyu, ta Róbert Szakáts a Hangari da ta Gary Bernstein a Amurka, bayan sun tara awon shekaru masu yawa, suka nuna cewa zanen yana maimaituwa ne kowane kwana 15.8, daidai da kewayen watanta.

*Misali na huɗu.* Mai hankali zai tambaya, ina hujjar cewa canjin daga Eris yake, ba daga watanta ba? Disnomiya ya gaza Eris haske kimanin sau 500. A ce hasken Eris 1,000 ne, na Disnomiya 2 ke nan. Kashi 3 cikin ɗari na 1,000 shi ne 30. Ko da Disnomiya zai mutu murus, 2 kaɗai zai ragu, 2 kuwa ba ta biyan 30. Lalle canjin na Eris ne, ita ma ta kafe wa watanta fuska.

Aikin gida

Fuluto ta fi ƙarfin ido, amma akwai tauraron da Larabawa suka sa wa suna Ra'asul Gul, wanda husufinsa ke bayyana ba tare da madubi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan lisha, ku nemi Kaza da 'Ya'yanta, ku miƙa hannu, ku auna kimanin ɗani guda zuwa arewa. Malaminku zai nuna muku shi a daren farko. Kowane kwana 2 da sa'a 20 da minti 49 wani tauraro abokin kewayensa yana gittawa ta gabansa, haskensa ya ragu zuwa kimanin sulusi, ya dawo cikin sa'a goma. John Goodricke, wani saurayi kurma a Ingila, ya auna wannan a 1783. Ku zaɓi taurari biyu na kusa da shi su zama mizani, ku rubuta kowane dare ko ya fi su ko ya gaza su, da kwanan wata da ƙarfe nawa. Daren da hazo ya hana gani, ku rubuta cewa ba a gani ba. Kada ku cike gurbin da zato.

Tambayoyin muraja'a

1. Waɗanne sharuɗɗa ne suka sa ake kiran halitta ƙaramar duniya?
2. Me ya sa ake auna tauraron mizani a kowane dare?
3. Na'ura ta ba duniya 360, tauraron mizani 600; washegari ta ba duniya 270, tauraro 500. A wane dare duniyar ta fi haske?
4. In Fuluto ta kai ƙarshen haskenta ranar Juma'a da ƙarfe 9:00 na dare, yaushe za ta sake kaiwa?
5. Wace dacewa ce ta tabbatar wa Christy cewa ƙullutun da ya gani wata ne?
6. Wani wata yana tafiyar kilomita 600 a sa'a. Ya ɗauki sa'a 1 kafin ya shige gaban duniyarsa gaba ɗaya, gittawar duka kuma ta ɗauki sa'a 4. Nawa ne faɗinsa, nawa ne faɗin duniyar?
7. An yi shekarun husufin Fuluto da Karon daga 1985 zuwa 1990. Wajen wace shekara za a fara na gaba?
8. Bayyana da adadi dalilin da ya sa Disnomiya ba zai zama sanadin canjin hasken Eris ba.